Tupac Bai Tafi Kyuba Ba: Lacca kan gabar mawaƙa da jita-jita

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Ɗazu a bakin ƙofa wani ƙanena ya tare ni, ya ce, "Malam, ai Tupac yana Kyuba da ransa." Da wannan zan fara, domin maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daren 7 ga Satumba 1996, a Las Vegas, bayan an tashi daga damben Mike Tyson, Tupac Shakur, shahararren mawaƙin rap na Amurka, da mutanensa suka lakaɗa wa wani matashi, Orlando Anderson, duka a otal ɗin MGM Grand. Kyamara ta ɗauka. Ba a jima ba wata farar mota ta tsaya kusa da tasu a danja, aka buɗe wuta. Ranar 13 ga wata Tupac ya cika a asibiti, yana da shekara 25. Bayan wata shida aka harbe abokin gabarsa, mawaƙi Biggie, a Los Angeles, shi kuma shekararsa 24.

Jama'a, da can abokai ne fa. A 1994 aka harbi Tupac a wani sutudiyo a New York, ya zargi Biggie da cewa ya san da zancen. Daga nan habaici ya zama haja. Kamfanin waƙa na Death Row da Tupac yake ciki a yammacin Amurka, na Bad Boy da Biggie yake ciki a gabas, mujallu suna zuga, faifai yana tafiya kamar ƙosai mai zafi. Mu ma mun san zambo tsakanin mawaƙa, amma can an cuɗa shi da 'yan daba da bindiga.

Ban raina hankalin masu cewa yana raye ba. Ƙona gawarsa aka yi, ba kabarin da za a nuna. Sababbin waƙoƙinsa suka yi ta fitowa bayan mutuwarsa. Mahaifiyarsa Afeni 'yar ƙungiyar Black Panther ce mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ƙungiyar da hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta yi wa leƙen asiri da zagon ƙasa, wannan kam tabbas ne. Baƙar fatar Amurka suna da dalilin ƙin yarda da hukuma. Ga shi kuma an shafe shekara 27 ba a gurfanar da kowa ba.

Sai a Satumba 2023 aka kama Duane Davis, kawun wancan Anderson da aka daka, ana tuhumarsa da kitsa harin. Shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa yana cikin farar motar. Hukunci na kotu ne, amma ku dubi inda zaren ya nufa: duka da ramuwa, tun daren farko.

Abin da ke sosa mini rai shi ne iyayen. Duk wanda ya ce Tupac yana ɓoye, ya ƙaryata uwar da ta yi jinyarsa kwana shida. Ita kuwa Voletta Wallace, mahaifiyar Biggie, har ƙarar birnin Los Angeles ta kai tana neman gaskiya. Ta rasu a Fabrairu 2025, ba a gurfanar da kowa kan jinin ɗanta ba.