Darasin Turkanci: Yadda Ake Neman Taimako da Yadda Ake Tayin Taimako

Malami: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu shiga titunan Istanbul ne. A ce ka sauko daga tiram a tashar Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, ga jaka a hannu, cajin waya ya ƙare, ba ka san hanyar masaukinka ba. Me za ka ce? Ga ɗalibarmu nan tare da ni, ita za ta riƙa maimaitawa a madadinku.

Ɗaliba: Sannu Malam, na shirya.

Malami: To, kalmar taimako a Turkanci ita ce yardım. Ku lura da harafin da ke kusa da ƙarshe, i ne marar ɗigo. Tun 1928 Turkawa suka koma rubutun boko, haruffansu 29, kuma suna da i biyu. Mai ɗigo kamar namu yake. Marar ɗigo kuwa daga can baya yake fitowa, baki a sake, tsakanin i da u. Gwada mu ji.

Ɗaliba: Yardim.

Malami: Kin matse shi da yawa. Sassauta leɓe. Yardım.

Ɗaliba: Yardım.

Malami: Yauwa. Amma kafin ki nemi komai, sai kin fara jawo hankalin mutum. Ki ce affedersiniz, wato gafara dai. In a shago ne ko gidan abinci, sun fi cewa bakar mısınız, ma'ana ko za ku dubo nan? Daga nan sai jimlar da nake so kowa ya haddace yau, ko da ita kaɗai ya tashi da ita: Bana yardım edebilir misiniz? Bana, a gare ni. Yardım edebilir, iya taimakawa. Misiniz shi ne alamar tambaya, a sigar girmamawa.

Ɗaliba: Malam, ta yi tsawo. Babu gajeriya?

Malami: Akwai, yardım et, amma umarni ne, sai ga aboki ko ƙaninki. Kika faɗa wa dattijo haka a titi, zai yi miki wani irin kallo. Abin da ya sa kuwa, suna da sen da siz, kamar yadda muke da kai da ku. Yadda 'yar Hausa mai tarbiyya za ta ce wa surukarta "kun tashi lafiya", haka Baturke ke ce wa baƙo da babba siz. Shawarata ita ce ki riƙe siz da kowa, har sai mutum da kansa ya sauko da ke. In tsawon ne ya dame ki, ki ce yardım eder misiniz, ta fi sauƙi a baki, kuma ladabinta bai ragu ba. Ki ƙara lütfen, wato don Allah.

Sannan ga wani abu da littattafan koyo ba su cika damuwa da shi ba, alhali shi ke buɗe fuskar mutane. Turkawa na kiran baƙo da sunan dangi. Namiji da ya ɗan girme ki, abi, yaya. Mace, abla. Dattijuwa, teyze, wato inna. Dattijo kuma amca, baffa, ana furta shi amja, domin c nasu j ne a wurinmu. Namu c ɗin, na cikin "ciniki", su da ɗan jela a ƙasa suke rubuta shi, ç. Haɗa mana duka.

Ɗaliba: Affedersiniz teyze, kayboldum. Yardım eder misiniz?

Malami: Madalla. Kayboldum, na ɓata. Matsalar ita ce, da ta ji kin yi Turkanci mai kyau, sai ta ɗauko bayani da gudu. Kada ki yi ta gyaɗa kai alhali ba ki fahimta ba. Ce mata anlamadım, ban gane ba, sannan yavaş lütfen, a hankali don Allah. Ş ɗin nan sh ne, yavash.

In kuma abu ya ɓaci, hatsari ko ɓarawo, ba lokacin ladabi ba ne. A ɗaga murya a ce imdat! Lambar gaggawa a duk ƙasar 112 ce, ko 'yan sanda ake nema, ko motar asibiti, ko 'yan kwana-kwana.

Ɗaliba: To idan ni ce zan taimaka fa?

Malami: Kin ga tsohuwa na fama da kaya a matakala, ki ce yardım edeyim mi, in taimaka? Wanda za ki fi ji daga bakin masu shago shi ne size nasıl yardımcı olabilirim, da me zan taimaka muku? Galibi ma ba sa kaiwa nan, buyurun kawai za su ce, kamar bismillah ɗinmu, shigo, zauna, faɗi buƙatarki. Kuma kada ki yi mamaki in wadda kika yi wa tayi ta ce zahmet etmeyin, kada ku wahalar da kanku. Sau da yawa kara ce kawai, ki sake yin tayin. In ke ce ba ki buƙata, ki ce gerek yok, teşekkürler, wato babu buƙata, na gode.

Godiya kuwa, teşekkür ederim, ko a taƙaice sağ olun. Kada ki furta ğ ɗin, jan wasalin kawai yake yi, saa olun. Amsarta rica ederim, wato ba komai, ana furta rica ɗin rija. Dattawa za ki ji sun ce Allah razı olsun, Allah Ya yarda da ke. In za ki bar mai shagon da ya nuna miki hanya, ce masa kolay gelsin, shi ne sannu da aikinsu.

Ɗaliba: Kolay gelsin, Malam.

Malami: Sağ ol. Kin ga ni na ce miki sağ ol, ban ce olun ba, don na girme ki. Masu sauraro, a maimaita jimlar nan ta bana yardım edebilir misiniz har ta zauna a baki. Mako mai zuwa za mu shiga tambayar farashi da neman ragi. Sai an jima.