Dalar Azurfa: Daga Kwarin Bohemiya Zuwa Teburin Gwanjo

Ku dubi wannan tsabar kuɗi da kyau. Nauyinta giram 26.73 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa, sauran kuma jan ƙarfe. A fuska ɗaya akwai kan wata mace, a ɗaya fuskar kuwa mikiya ce ta buɗe fukafukanta. Wannan ita ce dalar Morgan, mai ɗauke da sunan wanda ya zana ta, wadda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904, sannan ta sake bugawa a 1921.

Sunan dala ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 1520 aka fara buga manyan sulallan azurfa a kwarin Joachimsthal da ke Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, aka riƙa kiran su thaler, daga nan kalmar ta bi bakin 'yan kasuwa har ta zama dala. Jikar waɗannan sulalla, wato dalar Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, ta ƙetaro Sahara tare da ayarin fatake har Borno da ƙasar Hausa, inda maƙeran fari suka riƙa narkar da ita suna yi wa mata kayan ado. Har gobe a Nijar dala ake ce wa faran biyar.

Amurka ta buga dalar azurfarta ta farko a 1794, guda 1,758 kacal aka fitar, kuma a 2013 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo kan sama da dala miliyan 10.

Labarin dalar Morgan ya fi wannan ban sha'awa. Bayan an gano ɗimbin azurfa a jihar Nebada ta Amurka, dokar Bland-Allison ta 1878 ta tilasta wa gwamnati sayen azurfa kowane wata tana mayar da ita dala, ko da jama'a ba su bukata. Buhuna suka taru a ɗakunan ajiya ba wanda ya taɓa su, har zuwa 1918, lokacin da dokar Pittman ta sa aka narkar da dalar azurfa fiye da miliyan 270. Wannan narkarwa ce ta sa wasu shekarun suka yi wuyar samu, alhali wasu suna nan birjik, sababbi fil kamar jiya aka buga su.

Shi ya sa mai tara tsofaffin kuɗi ba ya fara da sikeli. Yakan juya tsabar, ya sa madubin ƙara girma ƙarƙashin mikiya, yana neman ɗan harafin da ke nuna inda aka buga ta. CC na nufin Carson City, S kuma San Francisco, inda a 1893 aka buga guda 100,000 kawai. Sai ya duba gashin da ke saman kunnen macen, domin a nan zaizayewa take fara bayyana, kafin a ba tsabar maki tsakanin 1 da 70.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga wanda ya gaji irin wannan tsaba ya goge ta da toka don ta yi ƙyalli, bai san cewa dishi-dishin nan na shekaru yana cikin abin da masu saye ke biya ba. Wanda kuma ya tsinci dalar Mariya Teresa a adakar kakarsa ya ga 1780 a jikinta, ya sani cewa a shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, har da waɗanda ake bugawa a Biyana yanzu.