Fom ɗaya, maɓallai uku: yadda Django ke gane wanda aka danna

Assalamu alaikum jama'a. Yau muna kan Django, kayan aikin gina shafukan intanet da harshen Python. Ku dubi allon nan da kyau. Fom ne na rubuta labari, a ƙasansa akwai maɓallai uku: Ajiye, Wallafa, Goge. Duk wanda mutum ya danna, adireshi ɗaya bayanan za su nufa. To ta yaya sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, za ta san abin da yake so a yi?

Amsar tana wurin burauza. Idan za ta tura fom, takan kwashi sunan kowane gurbi da abin da aka rubuta a ciki. A cikin maɓallan turawa kuwa, wanda aka danna kaɗai take ɗauka, shi ma sai in yana da name. Maɓallin da ba a raɗa wa suna ba, ko sau goma aka danna shi, fom zai tafi amma sabar ba za ta san shi ya turo ba.

Saboda haka mu ba dukkan ukun name ɗaya, a ce "aiki", kowanne da nasa value: ajiye, wallafa, goge. A cikin view, wato kod ɗin Django da ke karɓar fom ɗin, sai mu rubuta request.POST.get("aiki"), mu duba abin da ya zo, mu bi da shi hanyarsa. Shi kansa shafin admin na Django da irin wannan dabara yake aiki, sai dai can kowane maɓalli da sunansa daban: _save, _addanother, _continue. Ku buɗe kod ɗin shafin, za ku gan su.

Ku lura cewa button na sa, ban sa input ba. A wurin input type="submit", rubutun da ke jikin maɓallin shi ne value ɗinsa. Ranar da kuka fassara shafin zuwa Hausa, "Publish" ya koma "Wallafa", kod ɗin da ke jiran "Publish" zai yi ta jira har gobe. Da button kuwa, abin da ido ke gani daban, abin da ake turawa daban.

Yanzu ku ga wani abu. Na sa Goge a farko, na shiga gurbin take, na danna Enter. Labarin ya goge! Idan aka danna Enter a cikin gurbi, burauza takan yi amfani da maɓallin turawa na farko a jerin HTML. Don haka Ajiye ne ya kamata ya zo farko, Goge ya koma can ƙarshe.

Akwai kuma wata matsala da ta taɓa cinye mini wuni guda. Na sa JavaScript ya kashe maɓalli da zarar an tura fom, don kada masu gaggawa su danna sau biyu. Sai "aiki" ya riƙa isowa babu komai. Na zargi Django, na zargi burauza, ashe ni ne. Maɓallin da aka sa wa disabled ba a tura sunansa, ni kuma ina kashe shi tun kafin burauza ta tattara bayanan. Maganin shi ne a jinkirta kashewar da setTimeout, ko a kwafi value ɗin a ɓoyayyen gurbi tukuna. Haka ma form.submit() ba ya tafiya da sunan kowane maɓalli. form.requestSubmit() ne ke yi, in an miƙa masa maɓallin.

Goge ba ya bukatar a cika kowane gurbi, don haka ku sa masa formnovalidate don kada burauza ta tsaya duba gurabe, a view ma ku duba shi kafin is_valid(), mai tantance abin da aka cika. Amma ku tabbatar mai gogewar yana da izini, domin kowa na iya canza value daga burauzarsa. Abin da ya zo wanda ba ku sani ba, ku mayar masa da 400, lambar kuskuren da ke nufin abin da aka turo ba daidai ba ne.

In kuka ga view ɗin ya fara kumbura da if da elif, ku sa formaction a jikin Goge, ya tafi nasa adireshin shi kaɗai. Bari in sa shi yanzu, mu danna, mu ga inda zai sauka.