Sharhi: Ƙwannafi ya lafa, to gyambon fa?

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan wata 'yar ƙwayar magani ce, ta rage asid ɗin ciki, da ta zama abokiyar tafiyar mutane da yawa. Tana cikin aljihu, tana cikin jaka, tana gefen gado. Da zarar ƙirji ya ɗau zafi, ko aka ji ciki yana ci kamar an hura wuta, sai a ɓallo ɗaya a kora da ruwa. Ka tambayi mai shanta, zai ce maka, "Ai olsa gare ni." Ka ce wane likita ne ya gwada ya tabbatar, sai ya yi shiru. Ka ce tun yaushe yake sha, ya ce ya manta, an dai kwana biyu. Kwana biyun nan kuwa sau da yawa shekara biyu ce ko uku.

Ba na cikin masu kushe waɗannan magunguna. Kafin zuwansu, gyambon ciki yakan kai mutum ɗakin tiyata, a yanke wani sashe na tumbi ko a datse jijiyar da ke sa shi zubo asid. Cimetidine, wanda masanin Birtaniya James Black da abokan aikinsa suka samar, ya shiga kasuwa a 1976, irin wannan tiyata ta ragu ƙwarai. A 1988 wani kamfani na ƙasar Suwidin ya fito da omeprazole, wanda ya fi shi ƙarfi. Alheri ne babba. Sai dai kyawun aikinsu ne ya zama tarko: suna kwantar da ciwo har mutum ya daina tambayar abin da ya kawo ciwon.

Mu fara rarrabe su, domin duk "maganin olsa" ake ce musu alhali ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai farin ruwan nan mai kauri da ƙwayoyin da ake taunawa, masu ɗauke da magnesiyum, alminiyum ko kalsiyum. Su ba sa hana ciki yin asid, wanda ya riga ya taru suke kashe wa kaifi. Cikin 'yan mintoci ka ji sanyi, ba da jimawa ba kuma aikinsu ya ƙare. Akwai su cimetidine da famotidine, masu tare saƙon da ke umartar tumbi ya zubo asid. Sannan manyan, wato omeprazole da danginsa: esomeprazole, lansoprazole, pantoprazole da rabeprazole. A kan waɗannan ne aka fi yin kuskure.

A bangon tumbi akwai ƙananan famfuna masu yawan gaske da ke tunkuɗo asid. Omeprazole ba ya iya toshe famfo sai lokacin da famfon ke aiki, abinci kuwa shi ke tayar da su, musamman na farko bayan barcin dare. Shi ya sa ake cewa a sha maganin minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, yadda sa'ad da famfunan suka farka, maganin ya riga ya shiga jini yana dakonsu. Wanda ya bari sai ya ci ya ƙoshi, ƙwannafi ya taso, sannan ya haɗiya, ya rage wa maganin ƙarfi da hannunsa. Kuma ba maganin sha yanzu magani yanzu ba ne, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Mai gaggawa da bai san haka ba sai ya sha ɗaya, ya ji shiru, ya ƙara biyu.

Wani abin mamaki, maganin asid ɗin nan shi kansa asid yana lalata shi. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson an lulluɓe su ne domin su wuce tumbi lafiya, sai sun isa hanji su narke. Wanda ya tauna su ko ya daka su ya yage musu riga tun kafin su isa. A haɗiye shi ɗungurungum da ruwa. Idan haɗiyar kafso tana yi wa mutum wuya, mai harhaɗa magunguna zai nuna masa yadda zai yi.

Ga wanda ya saya da kansa saboda ƙwannafi, abin da aka saba rubutawa a jikin kwali shi ne miligiram 20 sau ɗaya a rana, kada a wuce kwana 14 ba tare da ganin likita ba. Wannan iyaka ba don kwana na 15 yana da guba aka sa ta ba. An sa ta ne domin ciwon da ya ƙi lafawa cikin mako biyu, ko ya dawo da zarar an daina, yana bukatar a binciki tushensa.

Tushen nan kuwa, idan gyambo ne na gaske, yawanci ɗayan biyu ne. Shekaru da yawa likitoci sun ɗora laifin a kan damuwa da irin abin da ake ci. Sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune daram a cikin tumbi duk da asid ɗinsa, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Ba a yarda da su ba. A 1984 Marshall ya kurɓe ruwa mai cike da ƙwayoyin da gangan, cikin 'yan kwanaki bangon tumbinsa ya kumbura, ya yi ta amai. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ƙwayar nan tana raunana majinar da ke kare bangon tumbi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asid ɗin da ya kamata ya narkar da abinci sai ya koma cin naman mai shi.

Omeprazole ba ya kashe wannan ƙwaya. Yana janye asid, gyambon ya rufe, na farkon hanji cikin kamar mako huɗu, na tumbi kamar mako takwas. Amma ƙwayar tana nan, tsugune ba ta ƙare ba. Maganinta shi ne likita ya haɗa mai rage asid da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, irin su amoxicillin, clarithromycin ko metronidazole, wani lokaci da wani maganin ciki mai suna bismuth, yawanci na kwana 10 zuwa 14. Haɗin nan ba shi da daɗin sha, gaskiya ce: baki ya yi ɗaci, zuciya ta riƙa tashi. Amma wanda ya ji sauƙi a kwana na biyar ya ajiye sauran, ya kashe maciji bai sare kansa ba, kuma ƙwayoyin da suka tsira sukan fi wuyar kashewa a karo na biyu. Mai shan metronidazole kuma ya nisanci barasa.

Akwai wani abu da masu shan magani da ka ba su sani ba. Gwajin ƙwayar, na numfashi ko na bayan gida, yana iya fitowa babu komai alhali tana nan, idan mutum yana kan omeprazole. Dole a dakatar da shi mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. Ka ga ke nan wanda ya daɗe yana sha a ɓoye bai faɗa wa likita ba, ya ɓatar da likitan ya ɓatar da kansa. Ba kuma ƙaramar magana ba ce, domin tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi.

Tushe na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen da aspirin. Suna rage sinadarin da ke sa tumbi ya kare kansa. Mutum ya sha diclofenac da dare saboda ciwon gwiwa, da safe ya sha omeprazole saboda ciwon ciki, bai taɓa haɗa biyun a ransa ba. Tufka da warwara ke nan. Paracetamol ya fi sauƙi ga tumbi. Amma a kula, wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina don ya ji wannan sharhi. Irinsa ma likita da kansa yakan haɗa masa da mai rage asid don kariya, kuma wannan haɗi daidai ne.

Yanzu ga inda nake roƙon a saurara da kyau. Akwai alamomin da ba a kai su kantin magani. Aman jini, ko amai mai duhu kamar gari-gari. Bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki. Abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji in an haɗiya. Rama ba dalili. Amai da ya ƙi tsayawa. Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, cikin ya yi tauri kamar katako. Haka kuma wanda ya haura shekara 55 ya fara ciwon ciki irin wanda bai saba ba. Maganin rage asid yana iya lafar da zafin kansar tumbi na ɗan lokaci, mutum yana murna ya samu sauƙi, cutar kuwa tana ci gaba da aikinta. Bismuth da ƙwayar ƙarin jini su ma suna baƙanta bayan gida ba tare da illa ba, amma rarrabewar aikin likita ce. Sai kuma ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, da gumi, da sarƙewar numfashi, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi. Wannan yana iya zama zuciya ce, ba ƙwannafi ba, kuma mutane sun rasa rayukansu suna tauna maganin ciki suna jiran ya lafa. Asibiti ake nufa nan take.

Batun haɗa su da wasu magunguna, a taƙaice: omeprazole da esomeprazole suna rage ƙarfin clopidogrel, maganin hana daskarewar jini da masu ciwon zuciya ke sha. Wasu magungunan ƙanjamau, kamar rilpivirine da atazanavir, ba sa shiga jini sosai idan babu asid. Farin ruwan nan kuma yana kama ciprofloxacin, doxycycline da ƙwayar ƙarin jini ya hana su aiki, don haka a sa tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu. Mai ciwon ƙoda ya yi hattara da masu magnesiyum da alminiyum. Mai juna biyu, wadda ƙwannafi kan dama ƙwarai, ta tambaya kafin ta sha. Wanda kuma yake da tsohon kwalin ranitidine, dangin su famotidine, a ajiye, ya sani an janye shi daga kasuwa a Amurka da Turai a 2020, bayan an gano wani sinadari a cikinsa da ake zargin yana jawo kansa.

To shan shekara da shekaru fa? Allah bai halicci asid a ciki a banza ba. Yana kashe ƙwayoyin cutar da ke biyo abinci, yana taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12 da sinadarin ƙarfe. Masu daɗewa a kan dangin omeprazole an ga ƙarancin magnesiyum a jininsu, da ƙarin haɗarin karayar ƙashi musamman ga tsofaffi, da wani irin zawo mai tsanani, wani lokaci da kumburin ƙoda. Ba kowa abin ke samu ba, kuma akwai marasa lafiyar da amfanin ci gaba da sha ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba, kamar wanda asid ya riga ya ƙone masa bututun abinci ko wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini. Su likita ke bibiya. Wanda nake ji shi ne mai sha kullum don kawai ya saba.

Shi ma kada ya yanke lokaci guda. Tumbin da aka daɗe ana danne masa asid, in aka sake shi farat ɗaya yakan zubo fiye da da, na 'yan makonni. Ƙwannafi ya dawo da ƙarfi, mutum ya ce, "Kun gani, ba zan iya rayuwa ba sai da shi," ya koma. Abin da likitoci kan yi shi ne su rage adadin sannu a hankali, ko su mayar da shi shan kwana ɗaya a tsallake ɗaya, a riƙa tallafawa da na taunawa idan zafin ya taso. A wannan tsakanin a bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado, mai shan taba ya yi ƙoƙarin bari, mai ƙiba ya rage. Wanda kuma ya gama maganin kashe ƙwayar Helicobacter pylori, ya koma a sake gwada shi bayan aƙalla mako huɗu, a tabbatar ta mutu.