Wa Ya Rusa Kagarar Corfe?

Ku kalli wannan bangon da kyau. Ya karkace kamar yau zai kife, amma ya fi shekara 370 yana haka. Tun da hotunansa suka fara yawo, wasu ke cewa tsufa ne ya cinye shi, wasu su ce igwa ce ta farfasa shi a fagen fama. Duk sun kuskure.

Nan kagarar Corfe ce, a kan tudu a yankin Dorset, kudancin Ingila. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya aza harsashinta. Ɗansa Henry na Ɗaya ya ɗora waccan doguwar hasumiyar mai tsayin mita 21. Sarki John ya mai da ita taska da kurkuku. A 1635 wani babban lauya, John Bankes, ya saye ta.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa. Bankes ya bi sarki, ya bar wa matarsa Mary gida. A 1643 dakarun Majalisa suka yi mata ƙawanya har mako shida, ita da 'ya'yanta mata da 'yan tsirarun sojoji suna antayo musu duwatsu da garwashi daga sama, har suka haƙura suka janye. Gaskiya matar nan tana burge ni. Daga baya cin amana ya kā da ita: a farkon 1646 wani hafsanta, Kanar Pitman, ya shigo da abokan gaba a matsayin masu kawo gudummawa.

To, ga inda ake ruɗewa. Ranar da kagarar ta faɗa hannunsu, tana tsaye cak. Bayan an gama faɗan ne, a watan Maris na 1646, Majalisa ta yanke shawarar a rusa ta. Ajiye sojoji a ciki kuɗi ne mai yawa, barinta babu kowa kuwa gayyata ce ga mutanen sarki su dawo. Sai aka kawo ma'aikata. Su haƙa rami a ƙarƙashin tushen bango, su tokare shi da katako, su cusa albarushi, su sa wuta. Ƙasa ta zame, bango ya biyo ta.

Ku dubi ƙofar nan. Ta tsage biyu, ɓangare guda ya nutse ƙasa yana tsaye. Ku dubi guma-guman da ke kwance a gindin tudu, wani ya kai girman ɗaki, duwatsunsa har yau a manne. Ginin da tsufa ya ci, daga sama yake zubewa kaɗan-kaɗan. Igwa kuma huda take yi. Bango ya ɓalle ɗungurungum haka, daga ƙasa aka ɓullo masa. Abin da ke sosa mini rai ke nan: magina sun yi aikin da albarushi ma sai da ya sha wahala, aka yi watanni ana fama.

Mutanen ƙauyen suka kwashi duwatsun suka yi gidaje, ga su nan a ƙasa. Mary kuwa an bar mata makullan saboda jarumtarta, suna nan a gidan zuriyarta na Kingston Lacy. Tun 1982 kangon yana hannun ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi, ita ke kula da shi.