Yadda Haske Ke Gane Ƙwayoyin Bakteriya Ba Tare Da An Taɓa Su Ba

Ku ɗauka kuna duban ɗan farantin da ake renon ƙwayoyin bakteriya a cikinsa a ɗakin gwaji. Farin ɗigon da kuke gani a cikinsa, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ya faro ne daga ƙwayar bakteriya wadda ta yi ta rabuwa biyu-biyu a kan abincin da aka zuba mata, har ta zama curi mai ɗauke da miliyoyin 'yan'uwanta. Tun shekarar 1887, lokacin da Julius Petri, mataimakin Robert Koch a birnin Berlin, ya fito da irin wannan faranti, ma'aikatan ɗakin gwaji suke duba launin curin da tudunsa da yanayin gefensa domin su yi hasashen ko wace ƙwaya ce. Sai dai ido yana da iyaka, don haka idan ana son tabbaci dole a yanko curin, a rina shi ko a zuba masa sinadarai, abin da ke cin lokaci kuma ya lalata abin da aka ɗeba.

A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, masanin ƙwayoyin cutar da ke gurɓata abinci, Arun Bhunia, da injiniya Daniel Hirleman da abokan aikinsu sun ɓullo da wata na'ura mai suna BARDOT. Ana harba siririn jan hasken leza ya ratsa ta tsakiyar curin da abincin da ke ƙarƙashinsa, sannan kyamara ta ɗauki abin da ya fito ta ɗaya ɓarin.

A nan ne abin mamakin yake. Hasken ba ya fitowa kamar yadda ya shiga, domin curin yana aiki ne tamkar ƙaramin gilashin tabarau: tsayinsa, da gangaren gefensa, da yadda ƙwayoyin suka jeru a ciki, da majinar da suke fitarwa su lulluɓe kansu, duk suna karkatar da hasken, wani sashe ya ƙarfafa wani, wani kuma ya dusashe wani. Abin da ke bayyana a allo zane ne mai ban sha'awa, wani zobba cikin zobba, wani kuma layuka da suka bazu daga tsakiya kamar sipok ɗin keke. Kwamfuta tana mayar da zanen lambobi, ta gwada su da hotunan da aka tara tun farko. Da wannan dabara aka bambance ƙwayar Listeria monocytogenes, mai haɗari ga mata masu juna biyu, da dangoginta marasa cutarwa, duk da cewa a ido kusan kamarsu ɗaya. An kuma gwada ta a kan ƙwayoyin Salmonella da Vibrio, masu gurɓata abinci. Karanta zanen ba ya wuce 'yan daƙiƙu, kuma curin yana nan da ransa idan ana buƙatar wani gwajin.

Amma kada a ɗauka na'urar ta kawar da jira, tunda sai ƙwayoyin sun yi sa'o'i suna girma kafin a haska su. Haka kuma idan aka sauya irin abincin da ke farantin, ko aka bar curin ya wuce girman da aka ƙayyade, zanen ma yakan sauya, kuma ƙwayar da babu hotonta a rumbun kwamfutar sai an koma an yanko ta da hannu kafin a san sunanta.