Darasi: Yadda Ake Auna Kofato da Sa wa Doki Takalmin Roba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau takalmin doki za mu duba, amma ba na ƙarfen nan da ake bugawa da ƙusa ba. Wannan na roba ne, a sa shi in za a fita, a cire in an dawo. Dokin da ba a buga wa ƙarfe ba, da ya hau tsakuwa ko kwalta sai ka ga yana taka ƙasa da ɗari-ɗari. Shi wannan takalmi ya fi yi wa amfani. Wani lokacin kuma likitan dabbobi ne zai ce a sa, saboda ƙurji ko ciwo a kofato.

To, mu fara da awo, domin nan ake yin ɓarna. Yawancin masu cewa takalmin ba ya zama a ƙafa, awonsu ne bai yi daidai ba. Kada ka auna sai an gyara kofaton, wato an yanke tsawonsa, ranar ko washegari. Kofato yana ƙaruwa kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka in ka auna wanda ya yi tsawo, takalmin da za ka saya zai riƙa yawo a ƙafa da zarar an yanke.

Ku matso ku gani. Na ɗaga ƙafar, na kankare ƙasar da ta maƙale. Faɗi ba wuya, ka nemi inda tafin kofaton ya fi faɗi, ka auna daga gefe zuwa gefe. Tsawo ne ke ruɗa mutane. Kun ga wannan tudun mai taushi a can bayan kofato, saman dunduniya? Ba a sa shi cikin awo. Ka ɗora abin awo a kwance kan dunduniyoyin biyu, daidai inda ƙarshen kofato ke taka ƙasa. Daga wannan layi zuwa bakin kofato na gaba, shi ne tsawonka. Da milimita za ka rubuta, kuma kowace ƙafa da nata awon. Na gaba sun fi zagaye, na baya sun fi tsini, har ma dama da hagu kan bambanta. Sannan kowane kamfanin takalmi da jadawalinsa na lambobin girma, lamba 2 ta samfurin Easyboot ba lallai ta zama lamba 2 ta samfurin Cavallo ba.

Yauwa, yanzu sawa. Ka buɗe maɗauran gaba ɗaya. Bakin kofato ke fara shiga, ka tura shi har ƙurya, sannan ka jawo bayan takalmin ya rufe dunduniya. Sauke ƙafar, bari dokin ya taka da nauyinsa, shi zai ƙarasa zaunar da shi. Sai ka ɗaure. Ɗan yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗauri da fata, kada ka shaƙe.

Ga gwajin da ni ba na tsallakewa: kama takalmin da hannu biyu ka murɗa. In ya juya a kan kofato, ya yi girma, kuma ƙara matse maɗauri ba zai gyara ba, sai dai ya ji wa fata ciwo. In kuma dunduniya ta ƙi zama ƙasa, ya yi kaɗan. Ka ja dokin ya yi tafiya, sannan sassarfa, kana kallo kana saurare. Ƙarar ɓat-ɓat alama ce ta sako-sako.

Ranar farko minti 15 zuwa 20 ya isa, sai ka riƙa ƙarawa a hankali. Duk fita, in ka cire, ka shafa bayan ƙafar da inda gashi ya haɗu da kofato. Gashi ya goge, ko wurin ya yi zafi? Ka dakata har ya warke.

Kada kuma a bar shi a ƙafa dare da rana, sai in likita ya ce, shi ma ana cirewa kullum a duba. Danshi na taruwa a ciki, naman tsakiyar kofato ya fara ruɓewa yana wari. Ka zazzage yashi, ka wanke da ruwa, ka shanya a inuwa. Gyaran kofato kuma duk mako 4 zuwa 6, in ba haka ba takalmin da ya shiga yau ba zai shiga wata mai zuwa ba.